Mu da Muka Kwana a 'Yan Awaki

Duk wanda ya tashi ba da labarin Maitatsine, daga filin Shahuci yake farawa. Ranar Alhamis ce, 18 ga Disamba 1980, 'yan sanda suka je hana wa'azi, aka kashe wasu daga cikinsu, aka ƙone motocinsu, Kano ta shafe kwana goma sha ɗaya ba ta runtsa ba. Daga nan sai a kawo adadin da gwamnati ta bayar na mamata, mutum 4,177, a ɗora da zancen layu da guraye da harsashin da ba ya huda jiki, a shafa fatiha. Haka aka ba 'ya'yanmu labarin, kuma gawarwakin nan ba ƙarya ba ne. Sai dai mu da muka kwana a gidansa na 'Yan Awaki kafin wannan rana, muka ci tuwon gidan, muka amsa amin ɗin gidan, in aka ce mu faɗi namu, sai mun koma baya mun fara daga zaure.

Yaran yanzu ba su san abin da zaure yake a rayuwar gardi ba. A ƙasarmu ta Haɗeja, da zarar an kai amfani gida an rufe rumbu, sai malami ya kwashi almajiransa a nufi birni cin rani. Ƙolo ya yi bara, titibiri ya yi wa matan aure aike da ɗiban ruwa. Gardi kuwa ya girmi bara, sai ya kama sana'a, ko ɗinkin hula da wankinta, ko yankan farce, ko ga-ruwa, ko dako a Kurmi da Sabon Gari, ko kwaɓa ƙasa a wurin magina. Da asuba karatu, da hantsi nema, da dare a hura wuta a sake jawo allo. Wurin kwana bai taɓa zama abin tunani ba. Kowane gida mai rufin asiri a cikin gari yana da zaure, maigida kuma kunya yake ji a ce zaurensa ba kowa. Tuwon dare daga cikin gida ake miƙo maka shi ba ka roƙa ba. In matar gida na da juna biyu kai za ka yi rubutun sha, in an yi rashi kana cikin masu saukar Alƙur'ani. Yarjejeniya ce da ba wanda ya rubuta: gari ya ɗauki nauyin cikinka har rani ya wuce, kai ka riƙe masa karatu. Ruwan farko na sauka kowa ya koma gonar ubansa.

Ni wutsiyar wannan zamani na riska. Farin 1973 ya riga ya karya ƙauyuka, daga namu har na Damagaram da Maraɗi, mutanen da a da suke zuwa su koma suka fara zuwa ba da niyyar komawa ba. A daidai lokacin kuɗin fetur ya ɓarke. Aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975 har da na watannin baya, kasuwa ta ji ƙanshi, farashin komai ya hau bai sake saukowa ba. Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika titi, samari suna ta yawo a kan Basfa da agogo a hannu. Masu hali suka koma gina gidajen siminti masu katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi, zaurukan cikin gari kuma aka gane ana iya sa musu ƙyaure a ba da haya ko a buɗe kanti. Kamfanonin Bompai da Sharaɗa na ɗaukar ma'aikata, amma magatakarda takardar firamare yake tambaya. Mutumin da ya haddace izu sittin, yake iya rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Baƙara har Nasi, a wannan layi sunansa jahili. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara fito da abin fili: hukuma ta faɗi irin karatun da take ƙirgawa, namu ba ya ciki.

Akwai wani zaure da almajiran malaminmu suka daɗe suna sauka tun kafin a haife ni. Wani hunturu muka iso da buzayenmu da allunanmu, muka tarar an fasa bangon gaba an faɗaɗa ƙofar. Dattijon gidan ya fito da kansa, ya kasa haɗa ido da malam.

"Alaramma, a yi haƙuri. Yaron ne ya sayi mota, kuma ka san halin gari yanzu, ba a barin ta a waje."

Malam ya ce, "Allah ya sanya alheri, Alhaji, Allah ya tsare," ya juya. Dattijon ya biyo shi ya cusa masa kuɗi a aljihu, kuɗi masu kauri kuwa. Ba mugu ba ne, kuma bai yi wani abin da maƙwabtansa ba sa yi ba. Daren nan a rumfar kasuwa muka kwana, kafin gari ya waye masu gadi suka tashe mu da sanda suna kiran mu ɓarayi. Malam ya tattara ƙanana ya koma gida bayan 'yan kwanaki. Mu manya ya ce kowa ya nemi inda zai raɓa.

A irin wannan hali na fara tsayawa sauraron 'yan wa'azin gidan Maitatsine. Ba ka rasa su a bakin kasuwa da mahaɗar hanyoyi wajen Fagge da Ƙofar Wambai, samari tsararrakina, wani lokaci har da yara, a tsaye cikin tufafi marasa ado. Ɗaya ya ja aya da irin muryar tsangayar da muka taso da ita, ɗaya ya fassara da zafi. Abin da suke faɗa ba shi da wuyar ganewa. Mai agogo tsinanne ne, mai rediyo tsinanne ne, mai hawa keke da babur da mota, mai tara kuɗi, mai karanta wani littafi bayan Alƙur'ani. Mutanen gari suna wucewa suna dariya, ko su yi tsaki. Ni ban yi dariya ba. Sai bayan shekaru na lura da abin da ya haɗa jerin nan duka: babu abu ɗaya a cikinsa da muke da shi. Tun safe gari yake nuna maka abin da ka rasa, ga wani kuma da la'asar yana gaya maka, da aya a bakinsa, cewa rashin nan shi ne tsarkinka. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin titi da tsummar riga mota ta watsa masa ruwan kwata ba, da wuya ya san daɗin wannan magana a kunne.

Mai gidan sunansa Muhammadu Marwa, mutumin garin Marwa ne a arewacin Kamaru, ya shigo Kano wajen 1945. Hausarsa ba ta gama nuna ba, "Allah ta tsine" yake cewa, shi ya sa gari ya laƙaba masa sunan da ya bi shi har kabari. Mu a ciki Malam kawai muke cewa. A zamanin Sarki Muhammadu Sanusi aka ɗaure shi aka kore shi daga Kano a 1962 saboda zafin wa'azinsa. Shekara na zagayowa Sarkin ya bar gadon sarauta, Malam kuwa daga baya ya dawo. An sake ɗaure shi a shekarun 1970, ya sake fitowa. A wajen hukuma wannan tarihin mai laifi ne. A cikin gida kuwa hujja ce da ake maimaita wa kowane sabon zuwa: wanda ya kore shi yana ina, shi kuma yana ina?

Ranar da na fara shiga ba wanda ya tambaye ni aƙidata. Tambayar farko ita ce ko na ci abinci. Aka turo mini kwano, aka nuna mini inda zan shimfiɗa buzu, wani Bazabarme da ko Hausa bai iya sosai ba ya matsa ya ba ni gefen bango saboda sanyi. Gidan ya wuce abin da ake kira gida. Unguwa ce a cikin unguwa, ɗakuna da rumfuna an jona wannan da wancan har bakin Jakara, mutane dubbai. Akwai Barebari, akwai Fulani, akwai mutanen Nijar da Cadi da Kamaru, amma galibi irina ne, gardawan ƙauyukan ƙasar Hausa. Ba a tambayar ɗan wane ne kai. Da safe kowa ya fita sana'arsa, mai shayi da teburinsa, mai yankan farce da almakashinsa, ɗan dako da kafaɗarsa. Da yamma a dawo a juye aljihu. An koya mana cewa wanda ya kwana da kuɗin da ya fi buƙatarsa bai yarda Allah zai ciyar da shi gobe ba. Na ga ƙato ya zaro sulallansa ya zube a kan tabarma yana murmushi, ya karkaɗe aljihun a gaban kowa don a shaida. In ka yi zazzaɓi akwai mai kawo maka kunu. In ɗan sanda ya kama ɗayanmu a kasuwa, kafin a kai shi caji ofis an taru. A Kano ta wancan lokaci ba wani wuri da zai yi wa baƙon yaro marar kowa haka.

Wannan ɓangare shi ne mutane ba sa son ji. In na faɗe shi sai fuskoki su canza, kamar ina wanke gidan ne. Ba wanke shi nake yi ba. Mutum dubu ba sa zama a wuri don ana cutar su tun daga ranar farko, kuma wanda ya ƙi yarda akwai tuwo a gidan ba zai taɓa gane yadda aka yi takobi ya shigo ba.

Ƙuntatawar a hankali ta zo. Da farko dai ka daina bin limamin unguwa salla, domin yana karanta littattafan da ba Alƙur'ani ba. Hadisi da fiƙihu duk sunansu ƙala ƙato, maganar wani ƙato ce kawai. Sannan ka daina zuwa gaida malaminka na da in ya shigo gari. Sannan ka wayi gari duk wanda ba ya kwana a cikin gidan, kafiri ake kiran sa, har mai ba ka aikin dako, har tsohuwar da ke ajiye maka ƙanzo. Da dare in Malam ya fito, muryarsa kawai yawancinmu muke ji daga nesa, domin akwai masu tsaronsa da ba a ratsa su. Zai ambaci abu ya tsine masa, mu amsa gaba ɗaya. Amsar nan tana da wani irin ƙarfi. Duk wulaƙancin da ka kwaso a yini, a nan kake sauke shi, ka kwanta da sauƙin ƙirji. Gidan kuma hawa-hawa ne. Maganar da'awar annabta da aka ruwaito daga bakinsa, da kofen Alƙur'anin da aka ce an samu bayan faɗan an goge sunan Manzon Allah (SAW) an sa wani, a da'irar waje irin tamu ba a furta su ƙarara. Ana dai barin magana a rataye, a ce Malam ya wuce yadda kuke tsammani, wanda ya daɗe zai gane.

Akwai wani yaro ɗan ƙasar Katagum da muke cin kwano ɗaya, mai kaifin kai, ya taɓa karanta Ahalari da Ishmawi kafin ya zo. Wata rana bayan la'asar ya tambayi wani babban gardi, cikin ladabi har da durƙusawa.

"Gafarta malam, in Alƙur'ani kaɗai za mu bi, a wace aya aka faɗi adadin raka'o'in salla?"

Babban gardin ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Ba a doke shi ba. Da dare da aka kawo tuwo, ya sa hannu a kwano, sai kowa ya janye nasa. Washegari ma haka. Wanda yake kwana kusa da shi ya ɗauke buzunsa ya canza wuri. Ba wanda ya ba da umarni, kowa dai ya san abin da ake so. Yaron ya riƙa cin abinci shi kaɗai yana kallon bango, har ranar da ya miƙe a gaban jama'a ya ce Shaiɗan ne ya yi magana da bakinsa. Aka karɓe shi hannu biyu. Daga ranar ya fi kowa zafi a wajen wa'azi, kuma da aka fara zaɓen masu koyon sara da harbin kibiya a can ƙuryar gida, yana cikin na farko. Kwanon da ya jawo mu shi ne kuma bulalar gidan, ba a buƙatar wata.

Maƙwabta su suka fara ɗanɗana kuɗarsu tun kafin sauran gari ya farga. Ana gini a kan filin mutum yana kallo, ana toshe hanya da magudanar ruwa, wanda ya yi magana ya kwana cikin fargaba, da yawa suka tattara suka bar gidajensu. Sun kai kuka ba sau ɗaya ba. Amma a tuna yadda gari yake a lokacin. An kafa Izala a Jos a 1978, rigimarta da 'yan ɗariƙa ta cika masallatai, kalmar kafirci ta yi arha a bakin kowa. An yi juyin juya hali a Iran a 1979, a ƙarshen shekarar kuma aka shiga ƙarni na goma sha biyar na Hijira, wasu suka mamaye Harami a Makka da sunan Mahadi ya bayyana. Siyasa ta dawo, PRP na mulkin Kano, NPN na mulkin tarayya da 'yan sanda a hannunta, kowane ɓangare na jiran ɗaya ya taɓa wutar ya ƙone. A cikin wannan hayaniya, tsohon malami mai tsine wa keke bai yi kama da babbar matsala ba, sai da ya tara runduna.

Fitata ba ta da wani abin burgewa. Gab da Babbar Salla ta 1980 kawuna, ƙanin innata, ya kawo raguna Kano. Ya yi ta cigiya har aka nuna masa inda nake yankan farce. Ya zauna a kan bencina ya miƙo hannu kamar kowane mai son a yi masa, ina yankewa yana kallon kaina.

"Ɗan nan, haka ka koma?"

"Kawu, karatu nake yi."

"Karatu muka aiko ka, ai ba mu ce ka bari ba. Innarka ce ba ta barci. Ga dawa ta kusa yanka, ni kaɗai ne, ƙafar nan kuma ka san halinta. Zo ka kai mana ita gida, in ya so ka dawo wa malaminka."

Bai zagi Malam ba, bai ce mini ɓatacce ba. Da ya yi haka da ban bi shi ba, domin an riga an shirya mu tsaf don irin wannan, an gaya mana dangi za su zo da zagi, zagin kuma shaida ce cewa muna kan gaskiya. Ba a shirya mu don mai neman taimakon yankan dawa ba. Tafiya kaka kuwa ba baƙon abu ba ne a gidan, mutane da yawa suna yi su dawo. Da muka isa gida sai aiki ya ƙi ƙarewa. A gama dawa a ce wake, a gama wake a ce jinkar ɗakin Inna ta zube. Ranar 26 ga Nuwamba Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta wa Malam takarda ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba ya tashi. Malam ya aika a kira mabiyansa na ko'ina su hallara a Kano. Saƙon ya iso har ƙauyenmu ta bakin wani mai tallar koli. Na je wa Kawu da maganar kuɗin mota, ya ce ragunan nan bashi aka ɗauka, a jira ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ya ce a jira ta gaba.

A rediyon mai shayin garinmu na ji sauran, abin da aka koya mini tsine wa mai shi. 'Yan sanda sun kasa, 'yan tauri sun shiga, mutanen gidan sun bazu sun kama makarantu da gidajen silima da tituna a Fagge da kewaye, ana yanka duk wanda aka samu. A ƙarshen wata Shugaba Shehu Shagari ya turo soja, aka yi wa unguwar ruwan wuta. Malam ya samu rauni ya mutu a hanyar gudu a bayan gari, aka tono gawarsa daga inda mabiyansa suka binne ta, daga baya hukuma ta ƙone ta. Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu a kwanakin nan ba su taɓa taka gidan ba. Mutanen gari ne da abin ya rutsa da su a hanya, ko a cikin ɗakunansu, da almajiran wasu tsangayu da fushin jama'a ya faɗa wa don kawai an gan su da allo.

Wannan na ƙarshe ya daɗe yana bin gardawa. Shekaru bayan haka, in ka sauka a tasha da buzu da gafaka sai an bi ka da kallo. Zaurukan da suka rage a buɗe suka rufe. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya zauna ya saurari shaidu ya rubuta rahoto, amma abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne baƙi ne suka jawo, tun da mai gidan ɗan Kamaru ne. Zancen ya yi wa kowa daɗi, har ya shiga cikin hujjojin korar baƙin haure a farkon 1983, alhali mafi yawan waɗanda aka kama 'yan ƙasa ne. Labarin tsafi ma haka. Layu kam akwai su, wa ya rasa laya a zamanin? Amma in aka ce asiri ne ya ja dubban samari, to ba wanda za a tambaya me ya sa suke kwana a rumfar kasuwa. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, da ya zauna a Kano ya yi nazarin ma'aikata da gardawa, ya rubuta a 1985 cewa a rushewar tsohon zaman gardi da birni ya kamata a nemi tushen abin. Da aka fassara mini bayaninsa na ce wannan ya zaga ta inda muka kwana.

Wutar kuma ba ta mutu da mai ita ba. Ta tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a Oktoban 1982, ta tashi a Jimeta a 1984 ƙarƙashin Musa Makaniki, ta tashi a Gombe a 1985. Makaniki ya tsere Kamaru, sai 2004 aka kama shi.

Ni kuwa garinmu ya yi mini abin da ban san darajarsa ba sai da na manyanta: ya yi shiru. Kowa ya san inda na fito, ba wanda ya tayar da zancen. Limaminmu bai taɓa zaunar da ni ya yi mini wa'azi ba. Da azumi ya matso sai ya aiko a kira ni.

"Malam ƙarami, mai ja mini baƙi ya tsufa, numfashinsa ba ya kai ƙarshen aya. An ce kana da tilawa."

Haka na zauna a gefensa wata guda ina jan aya yana fassarawa daga Jalalaini, yana kawo hadisi, yana kawo sababin saukar kowace. Ayoyin da na sha ji ana jifan mutane da su a bakin kasuwa, na ji su a cikin gidansu, da abin da ya gabace su da abin da ya biyo. Bayan salla ya ce in ci gaba da zuwa da safe mu fara Ahalari. Karatun bokon da nake rubutu da shi yau kuma a ajin yamma na hukumar ilimin manya na same shi, wadda gwamnatin Rimi ɗin nan ta kafa a 1980, shekarar da ya rubuta waccan takarda.

Yau in na gaya wa samari an taɓa tsine wa mai keke sai su fashe da dariya, kowa da waya a hannu. Alaramma ma da wayarsa, gardi na sauraron tilawa ta cikinta. Ta wannan fuska zamanin ya wuce ba zai dawo ba. Amma gardin yau dukiyar da yake gani a wayar nan cikin awa ɗaya ta fi wadda muka gani a titunan Kano cikin shekara, zaure kuma ya zama tarihi, sai dai kangon gini da ƙarƙashin gada. Acaɓa da ta riƙe dubban 'yan cin rani an hana ɗaukar fasinja da ita a Kano tun 2013. An gina makarantun tsangaya na zamani a mulkin Goodluck Jonathan, aka fara da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu suka koma kufai. A 2020, da annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci kowa na mayar wa ɗan'uwansa nasa. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Takardu dai ana ta rubutawa.

Da rikicin Maiduguri ya ɓarke a Yulin 2009 mutane suka yi ta cewa Maitatsine ne ya dawo. A wajen aƙida ba su yi kama ba. Jagoran na Maiduguri, Muhammad Yusuf, da hadisi yake kafa hujja, yana hawa mota, wa'azinsa a kaset da faifai yake yawo, cikin mabiyansa har da waɗanda suka yi jami'a. Inda na gane su shi ne ta ƙofar shiga. Markaz ɗinsa yana ciyarwa, yana ba da wurin kwana, ana ba saurayi jari, ana yi masa aure. Wani bincike da ƙungiyar Mercy Corps ta fitar a 2016, bayan ta tattauna da waɗanda suka fito daga ciki, ya nuna yadda rancen kuɗin sana'a ya zama igiyar da aka jawo samari da yawa da ita.

Inda muka rabu da su shi ne ta ƙofar fita. Ni na tarar da gona, da uwa, da kawu mai dabara, da liman mai haƙuri, kuma hannuna bai taɓa jini ba, domin an ɗauke ni wata biyu kafin a nemi in zubar. Yaron da ya fito daga daji yau, sau da yawa garinsu an ƙone shi, uwarsa na sansanin 'yan gudun hijira, maƙwabcin da zai yi masa shiru kuwa an kashe masa ɗa, kuma yana da haƙƙin ya ƙi yin shirun. Tun 2016 gwamnati ke da shirin karɓar waɗanda suka ajiye makami, ana kai su sansanin Malam Sidi a jihar Gombe, a yi musu wa'azi, a koya musu ɗinki ko walda ko aski, a rantsar da su, a miƙa su ga jihohinsu da ɗan abin jari. A garuruwa da dama na Borno mutane sun fito sun ce ba za su zauna da su ba.